Tafkin Niyos a Kan Dandamali: Nazari a Kan Wasan Lake God na Bole Butake

A daren Alhamis, 21 ga watan Agusta na shekarar 1986, wajen ƙarfe tara, wata iska mai nauyi ta tashi daga cikin Tafkin Niyos a lardin Arewa maso Yamma na ƙasar Kamaru, ta gangara cikin kwaruruka inda mutane suke shirin barci. Ba ta rushe ɗaki ba, ba ta kuma taɓa rumbu ba. Amma kafin gari ya waye, mutum 1,746 sun mutu a ƙauyukan Niyos, Ca, Subum da kewayensu, tare da dabbobi kimanin 3,500. An tarar da waɗansu a kan gadajensu, waɗansu a bakin murhu, waɗansu kuwa a kan hanya. Tsuntsaye da ƙwari ma ba su tsira ba. Cikin matattun akwai manoma 'yan ƙasa, akwai Fulani makiyaya da iyalansu. Akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai masu bin al'adar kakanni.

A cikin wannan shekara ce Bole Butake, malami a Jami'ar Yawunde, ya rubuta wasan kwaikwayo da Turanci mai suna Lake God, watau allahn tafki. An haifi Butake a shekarar 1947 a Nkor, ƙasar Noni, cikin wannan lardi na duwatsu, ya rasu a shekarar 2016. Saboda haka ba baƙo ba ne ga mutanen da ya sa a cikin wasan. A shekarar 1999 maɗaba'ar CLE ta Yawunde, wadda ikkilisiyoyi suka kafa, ta sāke buga wasan tare da waɗansu wasanninsa. Ya kamata masu bi su san wannan littafi, gama ya sa limamin ikkilisiya a tsakiyar labarin, ya kuma ɗauki tambayar da kowane mai wa'azi yakan gamu da ita a bakin kabari, watau me ya sa wannan ya faru, laifin wane ne kuma.

Abin da wasan ya ƙunsa

Labarin na wani ƙauye ne a bakin tafki. Sarkin ƙauyen, wanda ake kira Fon a wannan ƙasa, ya karɓi baftisma, yana da mata ɗaya mai suna Angela, yana kuma jin maganar wani Bature limamin Katolika, Fada Leo. Sarkin ya ƙi miƙa hadayar da kakanninsa suka saba miƙa wa allahn tafki, ya kuma danne Kwifon, watau majalisar asiri ta dattawa wadda aikinta shi ne ta tsawata wa sarki in ya kauce. Matsafin garin, Shey Bo-Nyo, yana ta faɗakarwa cewa masifa tana tafe, amma ba a saurare shi ba.

A gefe ɗaya kuma shanu suna cinye gonakin mata. Matan suka kama wani makiyayi mai suna Dewa, suka ɗaure shi, suka kai shi fada suna neman a kori shanu daga ƙasarsu. Sarkin bai yarda ba, gama shi kansa yana da riba a cikin shanun. Sai matan suka farfaɗo da tsohuwar ƙungiyarsu ta asiri, Fibuen, suka yi alkawari za su hana mazajensu tuwo da shimfiɗa har sai an biya musu bukata. Yunwa ta sa mazan suka tashi, Kwifon ya sāke motsawa don a tilasta wa sarki ya yi abin da al'ada ta ce. Amma lokaci ya riga ya ƙure. Tafki ya fashe, gari ya mutu, sai 'yan kaɗan suka ragu, cikinsu har da matsafin.

Inda marubucin ya faɗi gaskiya

Abu na fari da ya cancanci yabo shi ne rigimar gona da shanu. Butake bai ƙago ta ba. Tun farkon ƙarni na 20 Fulani suka shigo tuddan Bamenda da garkunansu, Hausawa 'yan kasuwa kuma suka kafa zangonsu a Abakwa. Gwamnatin Turawa tana karɓar jangali, sarakuna suna samun rabonsu, saboda haka mai shanu yakan fi mai fartanya samun kunne a fada. A wannan ƙasa kuwa mata ne suke noman abinci. In saniya ta shiga gonar masara, abincin yaran wata mata ne ta ci. A shekarar 1958 matan ƙasar Kom suka yi babban bore da ake kira Anlu, ɓarnar shanu tana cikin abubuwan da suka tayar da su, matan Wum ma sun sha fitowa a kan wannan magana. Duk wanda ya zauna inda manomi da makiyayi suke sha daga rafi ɗaya zai gane matan wasan nan. Yadda marubucin ya nuna mazan suna zaune suna gunaguni a kan tuwo, alhali matansu ne suke ɗauke da damuwar gari, yana ba da dariya, yana kuma sa kunya.

Abu na biyu shi ne sarkin. An zana shi da kyau. Mutum ne da ya ɗauki bangaskiya kamar riga, yana sa ta sa'ad da za ta raba shi da dattawan da suke iya tsawata masa, yana tuɓe ta sa'ad da maganar kuɗi ta zo. Ya rushe tsohon shinge da ke tsare talaka, bai kuwa kafa wani a madadinsa ba. Annabi Amos ya yi wa irin waɗannan shugabanni magana mai zafi, mai bi kuma ba shi da dalilin kāre su don kawai suna da sunan baftisma.

Abu na uku shi ne Fada Leo, a nan ne kuwa mai karatu Kirista zai ji zafi. Limamin wasan yana tare da fada, yana ganin ƙungiyar matan aikin duhu ce, bai kuwa damu da gonakin da aka cinye ba. Da sauƙi mai bi ya yi fushi ya rufe littafin a wannan wuri. Amma gaskiya ɗaci gare ta. An yi masu aikin bishara da suka raina duk abin da suka tarar, suka kasa bambanta tsafi da tsarin zaman jama'a. An yi kuma waɗanda suka ga riba ce babba su sami sarki a ikkilisiya, har suka rufe ido ga zaluncinsa. Limami ko katakis da ya kalli Fada Leo ya kuma bincika zuciyarsa, ya ƙaru da wasan.

Inda wasan ya kauce

Matsalar wasan tana cikin yadda aka gina shi. An fara da faɗakarwar matsafi, aka bi da ƙin miƙa hadaya, aka ƙare da fashewar tafki. Mai kallo ba ya bukatar a gaya masa kome, zai fita yana cewa tafki ya rama. Ta haka marubucin ya mai da tafki alƙali, ya mai da mutuwar gari hukunci. To, in hukunci ne, wane irin alƙali ne wannan? Matan da aka zalunta, waɗanda wasan ya ɓata lokaci mai tsawo yana nuna gaskiyarsu, sun mutu tare da sarkin da ya zalunce su. Jarirai sun mutu. Dattawan da suka tashi don su gyara al'amari sun mutu. Wasan ya sa mai kallo ya ƙaunaci waɗannan mutane, sa'an nan ya hallaka su don laifin wani, bai kuwa tsaya ya tuhumi allahn da ya yi haka ba.

Za a iya kāre marubucin a ce wasan kwaikwayo ba rahoton bincike ba ne, tafkin kuma misali ne kawai na ƙasar da shugabanninta suka sayar. Za a iya ƙarawa a ce ya rubuta shi a lokacin da masana kansu suke gardama. Wannan gaskiya ne. Har a babban taron da aka yi a Yawunde a watan Maris na 1987, masani Haroun Tazieff na Faransa yana cewa dutse ne ya yi amai a ƙarƙashin ruwa, waɗansu suna cewa iska ce da ta daɗe tana taruwa. Amma misali yana da iyaka. Da wasan ya ɗauki tafkin da babu shi a duniya, da ba wanda zai yi magana. Ya ɗauki masifar da kaburburanta ba su bushe ba tukuna, marayunta kuma suna zaune cikin tantuna. Wanda ya rasa mutum goma a dare ɗaya, in ya ji cewa rashin hadaya ne ya jawo, an ƙara masa kaya a kan kaya.

Ga abin da bincike ya tabbatar daga baya. Tafkin Niyos yana cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya wuce mita 200. Yana kan jerin duwatsun wuta da suka taso daga teku, suka bi ta Dutsen Kamaru, suka nufi arewa maso gabas. A can ƙarƙashin ƙasa narkakken dutse yana fitar da iskar da masana suke kira kabon dayoksaid, irin wadda take sa lemon kwalba ya yi kumfa. Iskar tana shiga ruwan gindin tafki ta narke a ciki, nauyin ruwan sama kuma yana danne ta kamar yadda marfi yake danne ta a kwalba. A ƙasashen sanyi ruwan tafki yakan juya kowace shekara, na ƙasa ya hau sama. A Niyos kuwa ruwan yana kwance shekara da shekaru ba ya juyawa, iskar tana ta ƙaruwa. A daren nan wani abu ya motsa ruwan gindin, ya taso, marfi ya buɗe. Iskar ta fi wadda ake shaƙa nauyi wajen sau ɗaya da rabi, don haka ta bi kwari kamar ruwa, ta kori iskar numfashi, ta kai nisan kilomita 25. Da safe tafkin da aka sani shuɗi ya zama ja, saboda ƙarfen da ke cikin ruwan gindi ya hau sama ya yi tsatsa.

Abin lura a nan shi ne, wannan iska ta yi shekaru masu yawa tana taruwa. Tana taruwa a shekarun da aka miƙa hadaya, tana taruwa a shekarun da ba a miƙa ba. Abin da ya raba mai rai da matacce a daren nan shi ne inda ɗakinsa yake, a kan tudu ko a cikin kwari.

Akwai kuma faɗakarwa ta ainihi da aka ƙi ji, wadda wasan bai ambata ba. A ranar 15 ga Agusta, 1984, shekara biyu kafin Niyos, Tafkin Monun da ke kusa da Fumbot ya fitar da irin wannan iska, ya kashe mutum 37. Wani masani mai suna Haraldur Sigurdsson ya je ya auna ruwan, ya ce iska ce da ta taru a gindin tafki, ya kuma yi gargaɗi cewa abin zai iya sāke faruwa. Ba a ba maganarsa nauyi ba. In ana neman mai faɗakarwa da aka yi wa kunnen uwar shegu, ga shi nan. In ana neman sakaci da za a tuhuma, ga shi nan kuma. Wasan da ya kai hankalin jama'a ga hadaya ya kawar da shi daga wannan tambaya, waɗanda ya kamata su amsa ta kuwa ba su yi baƙin ciki da haka ba.

Har wa yau, Butake ya so ya girmama hikimar kakanni, amma ya ɗauki ɓangaren da ya fi rauni ya bar mai ƙarfi. Wata mai binciken al'adu daga Amurka, Eugenia Shanklin, ta tattara labaran mutanen wannan yanki, ta tarar suna da tatsuniyoyi da yawa game da tafkuna masu fashewa ko masu tashi daga wuri zuwa wuri. Ta kuma lura cewa tsofaffin mazauna wurin suna da al'adar gina gidaje a kan tudu, waɗanda suka zo daga baya ne suka cika kwari saboda ƙasar noma da hanya da kasuwa. Mai yiwuwa ne kakannin sun taɓa ganin irin wannan masifa, suka bar wa jikokinsu gargaɗi a cikin al'ada. Wannan hikima ce da Kirista zai karɓa hannu biyu ba tare da ya taɓa bangaskiyarsa ba. Da wasan ya sa matsafinsa ya ce wa mutane su hau tudu, da ya fi kusa da abin da kakanni suka sani.

Sai maganar Dewa. Shi ne fuskar Fulani a cikin wasan, an kuwa nuna shi a ɗaure, shanunsa su ne mafarin rigima. Gaskiya ne marubucin ya nuna cewa babban mai laifi yana fada, makiyayi ɗan aike ne. Duk da haka mai kallo yana fita da tunanin cewa zuwan baƙo yana cikin abin da ya fusata tafki. A Niyos ta gaske Fulani sun binne 'ya'yansu kamar kowa, waɗansu sun wayi gari ba iyali ba garke. A ƙasar da manomi da makiyayi suke kallon juna da zargi, labarin da ya haɗa sunan makiyayi da masifa yana iya zama makami a hannun wanda bai karanta shi da hankali ba. Haka kuma Fada Leo ba shi ne dukan labarin ikkilisiya ba. Cikin mutanen farko da suka shiga kwarin bayan masifar akwai wani Fada ɗan ƙasar Holan da ke aiki a Wum, ikkilisiyoyi kuma sun ɗauki rabo mai yawa na kula da waɗanda suka tsira.

Kada ikkilisiya ta yi kuskure iri ɗaya

Mai bi zai iya karanta wannan suka ya ce, daidai ne, babu wani allahn tafki, Ubangiji ne ya hukunta su saboda tsafi. Wanda ya faɗi haka ya riƙe kuskuren wasan, suna kawai ya sauya. Matsafi ya ce an mutu don an bar hadaya, mai wa'azi ya ce an mutu don ba a bar hadaya ba, ɗan siyasa kuma ya ce bam ne Turawa suka gwada, gama wannan jita-jita ma ta yaɗu ƙwarai a Kamaru. Dukansu uku suna neman wanda za a nuna da yatsa, ba kuwa wanda maganarsa za ta rage iska ko kaɗan daga gindin tafki.

Yesu ya gamu da irin wannan tunani, bai kuwa bar shi ba. A cikin Luka sura 13 ya ɗauko labarin mutum 18 da hasumiya ta faɗa musu a Siluwam, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima zunubi. Ya juya maganar ga masu sauraro, cewa kowa ya duba tubansa. A cikin Yahaya sura 9 almajirai suka so su san ko zunubin makaho ne ko na iyayensa ya jawo makantarsa, ya kawar da duka biyun, ya shiga aikin warkarwa. Abokan Ayuba sun yi dogon wa'azi suna neman laifin da ya jawo masa hasara, a ƙarshen littafin kuwa su ne Allah ya tsawata wa. Iliya ma a Dutsen Horeb ya ga iska mai ƙarfi, da girgizar ƙasa, da wuta, aka nuna masa cewa ba a cikinsu zai sami Ubangiji ba.

Wani zai ce, to, Saduma fa? Ruwan tsufana fa? Ƙasar da ta haɗiye Kora fa? Lalle Littafi Mai Tsarki ya kira waɗannan hukunci. Amma a can Allah ne da kansa ya bayyana dalili, ya kuma aiko da gargaɗi tun da wuri, har Ibrahim ya roƙa kada a hallaka adali tare da mugu. A kan Niyos ba a ba wani mai wa'azi irin wannan wahayi ba. Wanda ya tsaya a kan bagade ya ce ya san dalilin Allah, alhali ba a gaya masa ba, yana ba da shaidar zur a kan matattu, yana kuma ambaton sunan Allah a banza.

Wannan gardama ta daɗe a cikin ikkilisiya. A ranar 1 ga Nuwamba, 1755, ranar idin Dukan Tsarkaka, girgizar ƙasa ta rushe birnin Lizbon na ƙasar Fotugal sa'ad da majami'u suke cike, teku ya hau gari, gobara ta biyo baya, dubban mutane suka mutu. Wani limami mai suna Malagrida ya buga ɗan littafi a 1756 yana cewa zunuban birnin ne sanadi, John Wesley ma a Ingila ya rubuta cewa hannun hukunci ne. Amma wazirin sarki, wanda aka sani daga baya da sunan Pombal, ya sa aka binne matattu, aka ciyar da masu rai, aka sāke gina tsakiyar birnin da firam na katako a cikin bango domin gini ya yi lilo kada ya rushe. Waɗannan gine-gine suna tsaye har yanzu. Kiran tuba yana da kyau a kowane lokaci, amma wa'azin da ya sa mutane suka naɗe hannu suka bar gyara ya bar jikokinsu cikin hatsari.

Abin da ya tsare rai a Niyos

A shekarar 2001 masana ƙarƙashin jagorancin Michel Halbwachs na Faransa, tare da 'yan Kamaru, suka sa dogon bututu a tsakiyar tafkin, bakinsa ɗaya yana can kusa da gindi. Da farko akan ja ruwa da famfo. Da ruwan gindin ya fara hawa, iskar da ke cikinsa takan yi kumfa ta tura shi sama da kanta, sai ya yi ta feshi sama da mita 40 ba tare da inji ba, iskar tana fita kaɗan kaɗan yadda ba za ta cuci kowa ba. A 2011 aka ƙara bututu biyu. An yi wa Tafkin Monun irin wannan aiki tun daga 2003. An kafa na'urori masu ƙara don su yi gargaɗi in iskar ta yi yawa, aka kuma koya wa mutane su gudu zuwa tudu in sun ji. An ƙarfafa gaɓar tafkin da take zaizayewa, gama in ta karye ruwan zai bi kogin Katsina Ala har cikin Nijeriya, wannan tsoro kuma yana cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a jihar Taraba.

Mai bi ba zai ga saɓani tsakanin wannan bututu da addu'a ba. A cikin Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina gida ya yi wa soronsa rawani kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau kansa. Yusufu ya ji gargaɗin yunwa, ya gina rumbuna. Abin da ya cancanci baƙin ciki shi ne an yi shekara 15 bayan masifar kafin a sa bututu na fari, alhali hatsarin yana nan, an kuma san da shi.

Mutane kuwa ba sa barin irin waɗannan wurare, gama ƙasar da dutsen wuta ya bari tana da albarka. A gindin Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000, ana noman ayaba da kwakwar manja. Waɗanda suka tsira daga Niyos an kai su sansani irin su Buabua, Kimbi da Ukpwa, inda ƙasar noma da ta kiwo ba ta ishe su ba, da yawa kuma suka koma kwarin tun ba a ba su izini ba. Ba taurin kai ba ne ya mai da su, yunwa ce. Tun da haka ne, tambayar da ta fi amfani ita ce yadda za a zauna kusa da tafkin da sani: wa yake duba bututun, ko na'urar gargaɗi tana aiki, ko yara sun san hanyar tudu da dare.

A kan wannan Butake ya fi dacewa a wani wasansa, The Survivors, wanda ya fito a 1989. A can ya bi waɗanda suka tsira, ya nuna wani jami'i yana riƙe kayan agaji yana cin amanar mace da marayu da su. Babu bukatar allahn tafki a wannan wasa. Laifin na mutum ne, ana ganinsa, ana iya kai shi gaban shari'a, ana iya tuba daga gare shi. Alƙalamin marubucin ya fi kaifi sa'ad da ya tsaya a kan abin da mutum ya yi wa ɗan'uwansa.

Saboda haka ba daidai ba ne a hana matasan ikkilisiya karanta Lake God, ba daidai ba ne kuma a miƙa musu shi ba tare da jagora ba. Ƙungiyar matasa ko zumuntar mata za ta iya karanta shi tare da Luka sura 13 da labarin bututun, a bar matan wasan su yi wa shugabanni tambayarsu a kan gona da shanu, a bar Fada Leo ya zama gargaɗi ga masu aikin ikkilisiya. In aka iso ga fashewar tafki, sai mai jagora ya tsaya ya bayyana abin da ya faru a zahiri, ya kuma tuna wa masu sauraro cewa mutanen Niyos, Ca da Subum, da Fulanin da suka mutu a rugagensu, ba su fi kowa zunubi ba. Waɗansu daga cikin 'ya'yansu suna da rai har yau, abin da suke bukata daga maƙwabta kuwa shi ne ta'aziyya, da ƙasar noma, da wanda zai tsaya musu a gaban hukuma.